TUN RAN GINI, TUN RAN ZANE

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, mai gyaran radiyo da fitilu a Maraɗi, ya yi a taron bayan girbi, kafin a yanke shawara kan sayen fitilun sola. Mun buga shi yadda ya faɗa, don waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.)



Ranka shi daɗe Maigari. Allah shi gafarta Malam Liman. Iyayenmu dattawa maza da mata, shugaban ƙungiya da ƴan biro, ƴan uwana ƴan ci-rani da kunka taso daga Yamai, da Damagaram, da Tawa, har da na Kwatano da Abijan, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi maku barka da hanya. Allah shi sa mun taru a sa'a.

Sana'ata kun san ta. Radiyo, da tocila, da fitila, yanzu har da salula, su nike buɗewa tun safe har magariba. In na faɗi abin da bai dace ba gaban manya, a yi mani gafara, ƙuruciya ce.

Abin da ya tara mu yau shi ne kuɗin asusu. Shekara biyu muna zubawa, wani daga dako, wani daga ga-ruwa, wani daga ɗan teburinshi, iyayenmu mata kuma daga kuɗin ƙuli-ƙuli. Tun bara munka yarda za a sayi fitilun sola a sa a ɗakin haihuwa na gidan likita, da masallacin Juma'a, da makaranta. Waɗanda anka aika kasuwa sun yi aikinsu, Allah shi saka masu da alheri. Sun kawo iri biyu. Ɗaya mai arha ce, kuɗinmu zai sayo ta da yawa. Ɗayar ta fi tsada, haskensu kuwa kusan ɗaya ne. Na ji da yawa cikinmu sun karkata ga mai arha, ban kuma ga laifinsu ba. Amma kafin a ɗaga hannu, ina roƙon ku dubi buhun nan da ke gabana.

ABIN DA KE CIKIN BUHU

Shekaranjiya na ce ma yara su zagaya gidaje su tattaro mani duk fitilar sola da tocilar caji da ta mutu. Kafin la'asar buhu ya kusa cika. Mafi yawansu tsarabarmu ce, mu ƴan ci-rani. Mu munka kawo su, iyayenmu sunka yi murna, sunka sa mana albarka. Jiya na raba dare ina duba su ɗaya bayan ɗaya.

Fitilar sola manyan sassa uku gare ta. Akwai farantin da ke shan rana, akwai ƴan ƙwayayen da ke ba da haske, akwai batir da ke ajiye wuta. Faranti mai kyau shina iya wuce shekara 20 shina aiki. Ƙwayayen haske su ma suna daɗewa ƙwarai. Batir shi ne mai gajeren kwana. Kullum ana cika shi ana zuƙe shi, bayan ƴan shekaru sai shi gaji, balle ga zafin bazarar ƙasarmu. Wanda ya ƙera fitilar ya san da haka tun kafin ta bar hannunshi.

To, a cikin buhun nan mafi yawa batir kaɗai ya mutu, ko ɗan makunni ya lalace, ko wata ƴar waya ta tsinke. Gyara ne da zan gama kafin shayi ya nuna. Amma ta ina zan shiga? An manne jikin da gam, babu kusa ko ɗaya da za a kwance. In na sa wuƙa na ɓamɓare, roba ta fashe, ba ta sake rufuwa, ƙura da ruwan damina su shiga. In na ci sa'a na buɗe, sai in tarar da batir wani iri da babu shi ko'ina a kasuwar Maraɗi. Sai in ce ma mai ita, yi haƙuri. Shi kuma shi yar da fitila duka, da faranti mai rai, da ƙwayaye masu rai, saboda abu guda. Dattawa, wa ya taɓa ganin manomi ya yar da ruwan hauya don ƙota ta karye?

YADDA MUNKA GADA

Ku tuna da gyaɗa. Ƙwaya a matse a fid da mai, tunkuza a yi ƙuli-ƙuli, harawa a ajiye ma tumaki, ɓawo shi shiga murhu ko shi koma gona. Gero haka nan: tsaba ta zama tuwo da fura, dusa ta je ga akuya, kara shi zama darni da rumbu, in an ƙone shi toka ta shiga miya, kashin dabbar da ta ci dusa kuma shi koma taki. Ƙwarya ta tsage, gyartai shi ɗinke ta. Ta fashe, sakaina ta yi aikin kwasa. Ta ƙare, ƙasa ta cinye ta. Riga ta tsufa a rage ma yaro, daga nan ta zama gammo. A da jujin gari dukiya ne, har rige-rigen kwasarshi ake yi zuwa gona.

Masana na yanzu sun ba wannan hali suna, suna ce mashi tattalin arziki mai zagayowa. Sun ce hanyar da duniya ta daɗe tana bi miƙaƙƙiya ce: a haƙo, a ƙera, a yi amfani, a yar. Suna so a lanƙwasa ta ta zama zobe, abu shi daɗe a hannun mai shi, in ya lalace shi gyaru, in ya ƙi gyaruwa a cire sassanshi masu kyau, abin da ya rage a narka a ƙera sabo. Da na fara jin wannan bayani sai na ce, ai aikin kakata ne anka sa ma suna.

Har kayan Turawa na farko da sunka shigo mana suna da wannan hali. Ku tuna fitilar ƙwai. Ƙwai ya fashe, ka sayi ƙwai. Lagwani ya ƙare, ka sa sabo. Tanki ya hude, maƙeri shi like. Keken ɗinki da uwa ta yi aiki da shi, ɗiyarta ta gada. Peugeot 404 ta yi shekaru aru-aru tana jigila a hanyoyinmu, don kowane makanike ya san cikinta, kayanta kuma suna ko'ina. Ba na cewa mu koma ga kananzir. Shina da hayaƙi, shina cin kuɗi kowane dare, ya kuma sha jawo gobara. Sola ta fi shi nesa ba kusa ba. Abin da nike so shi ne mu nemi fitilar sola wadda anka ƙera da irin tunanin da anka ƙera fitilar ƙwai.

INDA SHARA KE FARAWA

Mu a juji muke ganin shara, amma asalinta shina kan teburin wanda ya zana kayan kafin a ƙera su. Nan ne ake yanke cewa gam za a sa ko kusa mai kwancewa, batir na kowa da kowa za a sa ko na kamfani ɗaya tak, roba iri ɗaya ko iri biyar a haɗe. Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane. In tukunya ta bushe, mai zane ya makara. Ni mai gyara, da mai tsintar ƙarfe, da mai shara, duk bayan tukunya ta bushe muke zuwa.

Wani lokaci da gangan ake rage ma kaya kwana. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin ƙera ƙwan lantarki, cikinsu har da Osram na Jamus da Philips na Holan, sunka yi yarjejeniya a birnin Janeba cewa kada ƙwai shi wuce awa 1,000 shina ci, alhali a lokacin akwai masu kai awa 1,500 har 2,000. Wanda ƙwanshi ya zarce sai a ci shi tara. Wannan tarihi ne rubutacce. Amma kada mu ɗauki kowane mai ƙira macuci. Sau da yawa lissafin kasuwa ne kawai. Gam ya fi kusa arha, ya fi saurin aiki, shina kuma hana ruwa shiga. Mai ƙira ya san mai saye farashi kaɗai zai tambaya. In babu mai tambayar yadda za a gyara, don me zai ɓata kuɗinshi? Ashe ke nan mu masu saye muna da hannu a ciki.

DARASIN FAMFO

Garin nan ya riga ya sha wannan darasi, dattawa sun fi ni tunawa. Daga 1981 zuwa 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekara goma don neman ruwan sha, anka haƙa rijiyoyin burtsatse da yawa a ƙasashenmu, anka kafa famfuna. Ranar da anka buɗe namu har kiɗi anka yi. Da ya tsaya, wata nawa mata sunka koma tsohuwar rijiya suna jan guga, ana jiran mota ta zo daga birni? Da masu gyara sunka zo, abin da sunka canza ɗan zobe ne da bai cika tafin hannu ba.

Ga dalili. Akwai famfon hannu da ake kira India Mark II, wanda anka fito da shi a Indiya cikin shekarun 1970. Famfo ne mai ƙarfi, ya shayar da miliyoyin mutane. Amma abin da ke ɗaga ruwan shina can ƙasa, a ƙarshen bututun ƙarfe. In ɗan zoben nan ya cinye, sai an zaro bututun duka, ɗaya bayan ɗaya, da maza majiya ƙarfi da kayan aiki na musamman. In hannu ya kuɓuce, komai shi faɗa rami.

Da injiniyoyi sunka ga famfuna na mutuwa a ƙauyuka, sai sunka sake tambaya. Sunka daina neman famfon da ba shi lalacewa, don babu shi, sunka nemi wanda mutanen gari za su gyara da kansu. Daga nan anka samu wanda ake kira Afridev, wanda anka yi ta gwadawa a Malawi da Kenya cikin shekarun 1980. An yi mashi bututun roba mai faɗi, yadda za a zaro sandunan da abin ɗaga ruwan ta cikinshi, bututu na nan zaune a wurinshi. Mutum biyu da sifana ɗaya sun isa, a wurare da dama ma mata anka koya ma aikin. Famfon Vergnet na Faransa, wanda ake takawa da ƙafa, kun san shi a ƙasar nan. Shi kuma yawancin sassan da ke saurin cinyewa a sama anka sa su, inda hannu ke kaiwa.

Darasin shi ne: kowane inji shina da wurin da zai fara mutuwa. Mai ƙira na ƙwarai shi ne wanda ya sa wannan wuri kusa da hannu, ya sa shi mai arha, ya kuma sa ana samun shi a kasuwar kusa. Sauran rabin darasin namu ne. Ko famfo mai sauƙin gyara, in babu asusun gyara, babu wanda anka koya ma aiki, zai tsaya shi zama wurin ɗaure jaki.

SANHOLO DA LEDA

Yanzu mu zo ga abin da ke faruwa bayan kaya sun mutu murus. Ƴan uwanmu na Yamai sun san kasuwar Katako. Can za ka ga tsohuwar ganga ta zama akwati ko murhu, tsohuwar taya ta zama takalmi. Za ka ga gwangwanin lemo da tarkacen injin mota na alminiyam, wato sanholo, an narka su an zuba a cikin yashi, tukunya ta fito. Tukunyar nan in ta hude bayan shekaru, a sake narka ta, wata ta fito. Masana sun auna, sun ce narka tsohon sanholo kashi 5 kacal cikin 100 shike ci na makamashin da ake buƙata a fid da sabo daga ƙasa. Shi ya sa ba ka ganin gwangwanin lemo shina kwana a titi. Shina da kuɗi, wani zai ɗauke.

Sirrin sanholo shi ne abu ɗaya ne tsantsa. Ku kwatanta shi da ɗan ƙullin madara ko na kofi da muke saye a tebur. Ku yaga ɗaya ku duba. Leda ce a waje, ɗan siririn sanholo a tsaka, wata leda a ciki, an manne su. Ba maƙerin da zai iya raba su, ba mai saye, ƙasa kuma ba ta cin su. Minti ɗaya munka yi amfani da shi, jikokinmu za su tarar da shi a gona.

Baƙar leda kuwa ba sai na yi dogon bayani ba. Ku tambayi mahauta abin da suke fiddawa daga tumbin akuya da saniya. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita shina zaton ciwo ne, ashe leda ce ta cunkushe ciki. Takin juji da muke kai gona yanzu sai an tsince shi. A birni ita ke toshe magudanan ruwa da damina. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Mu ma a Nijar an yi doka a 2014 mai hana shigowa da irin wannan siririyar leda da sayar da ita, amma kowa ya je kasuwa ya ga inda aka kwana. Doka ba ta shiga ɗakin kowa ta ɗauko mashi kwando. Iyayenmu da kwando da ƙwarya da jakar kaba suke cin kasuwa, ba su kuma rasa komai ba.

Akwai wata dabara da munka sani tuntuni, ita ce ta kwalbar lemo. Ka sha, ka mayar da kwalba, in za ka tafi da ita gida ka ajiye kuɗi. Kamfani shi wanke shi sake cikawa. Jamus ta ɗauki wannan hanya ta faɗaɗa tun 2003. A can in ka sayi abin sha a gorar roba ko gwangwani, ana ɗora maka kwatar kuɗin Yuro ɗaya, kusan dala 33 namu, sai ka mayar da gorar a ba ka kuɗinka. Abin da anka sa ma kuɗi ba shi zama shara.

GARGAƊI KAN BATIR

Kada wani shi ji na yabi narka kaya shi je shi fasa batir a tsakar gida. Babban batir irin na mota, wanda ake haɗa ma manyan faranti, cike shike da dalma da ruwa mai ƙuna. Dalma tana narkuwa a sake ƙera sabon batir, amma guba ce, ƙurarta tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A wata unguwa ta Caroy, kusa da Dakar a Senegal, inda mutane ke fasa tsofaffin batura suna tsintar dalma don sayarwa, yara 18 sunka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Ƙananan baturan salula da na fitila su kuma suna iya kama wuta in an huda su ko an jefa su a murhu. Batir da ya mutu a keɓe shi inda yara ba su kaiwa, a mayar ma mai sayarwa.

ABIN DA AKE YI A WASU ƘASASHE

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a shekarar 2022 duniya ta yar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, wanda anka tattara anka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saboda haka wasu gwamnatoci sunka fara matsa ma masu ƙira. A 2015 Faransa ta mayar da rage ma kaya kwana da gangan laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 2 da tara. A 2021 ta sa a riƙa liƙa ma wasu kaya, irin su salula da kwamfuta, lamba daga cikin 10 mai nuna sauƙin gyaransu, mai saye shi gani kafin shi biya. Tarayyar Turai ta sa daga ƙarshen Disamba na 2024 duk sabuwar salula ta zo da bakin caji iri ɗaya. Ku tuna wayoyin caji nawa ke jibge a ɗakunanmu, kowace da bakinta. Wata dokarsu ta 2023 kuma ta ce daga 2027 yawancin ƙananan kayan lantarki sai an ƙera su yadda mai su zai iya canza batir da kanshi.

Abin da nike tsoro shi ne, in can sunka rufe ƙofa ga kayan da ba su gyaruwa, kayan za su nemi kasuwar da ba a tambaya. Kada tamu ta zama ita.

LISSAFI

Na san abin da wasu za su ce: talaka abin da ke hannunshi yau shike dubawa. Gaskiya ne. To mu yi lissafin talaka. A ce, misali, mai arha jikka 5 ce, tana shekara biyu ta mutu. Cikin shekara shida sau uku za a saye ta, jikka 15 ke nan, ga gawa uku a juji. A ce ɗayar jikka 9 ce, batir ɗinta jikka ɗaya da rabi. Cikin shekara shidan nan a canza batir sau biyu, jikka 12 duka, fitila kuma tana nan da ranta. Arha ba ta ado.

Na buɗe irin nan biyu da anka kawo, gaban shugaba da ma'aji. Mai arha a manne take. Mai tsada kusoshi huɗu gare ta, sukundireba ta kowa tana kwance su, batir ɗinta kuma irin nan ne dogo mai lamba 18650, wanda ake samu a Maraɗi. Ba na ɓoye maku, in munka zaɓe ta kuɗinmu ba zai kai wurare uku bana ba. Wani wuri zai jira baɗi. Amma ku tuna ɗakin haihuwa. Fitilar da za ta mutu da tsakar dare, unguwarzoma na tsakar aiki, a ce kuma ba ta gyaruwa sai an sake tara kuɗi, wannan arha ta yi mana tsada.

SHAWARWARI

Ga abin da nike roƙon taro shi duba:

1. A sayi fitilar da ke buɗuwa, ko da kaɗan ce. A fara da ɗakin haihuwa, sannan makaranta da masallaci gwargwadon abin da ya rage.

2. Duk abin da ƙungiya za ta saya daga yau, fitila ne, famfo ne, injin niƙa ne, a yi ma mai sayarwa tambaya huɗu: Mene ne zai fara lalacewa? Ana iya buɗewa a canza shi? Ina ake samun shi, nawa ne kuma? In abin ya mutu duka, za ka karɓa? Wanda ya kasa amsawa a wuce shi. A kuma karɓi takardar garanti a ajiye wurin magatakarda.

3. A cikin kowace jikka goma da za a kashe, a keɓe ɗaya don asusun gyara, kada a taɓa ta don biki ko baƙi.

4. A zaɓi matasa biyu mazauna gari, namiji da mace in iyayensu sun yarda, in koya masu canza batir da makunni da haɗa waya. Ba na buƙatar ko dala. Buhun nan shi ne makarantarsu ta farko, don a cikin matattu uku ana iya tada ɗaya.

5. A sa tsohuwar ganga mai marufi a wurin da Maigari ya nuna, a riƙa tara matattun ƙananan batura a ciki, a inuwa, nesa da wuta. Manya kuma a mayar da su birni wurin masu saye.

6. Mu ƴan ci-rani mu gyara tsarabarmu. Gara ka kawo ma tsohuwa abu ɗaya da zai daɗe, da ka kawo biyar masu ƙyalli da ba za su ga damina biyu ba. In ka kawo radiyo ko fitila, ka haɗo da batir na canji. Ranar kasuwa kuma kowa shi ɗauki kwandonshi.

Jama'a, ba mu da masana'anta a garin nan, ba mu ke zana kayan ba. Amma kuɗin da ake saye da su guminmu ne, gonakin da sharar ke ƙarewa ciki kuma gadonmu ne. Ɗan kasuwa abin da ake nema shike sarowa. In ƙungiyarmu ta tambaya, ta maƙwabta ta tambaya, zai fara kawo abin da ke gyaruwa. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Na tsawaita, a yafe mani. Shawara tana ga manya. Allah shi yi ma asusunmu albarka, shi jiƙan magabatanmu, shi mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, shi ba mu damina mai albarka.